Sunan Dela Bai Hito Ba

Murna: Alo? Yamai ce? Malam Filibus nike nema, mai gyaran ordinatar, injin nan na kwamfuta.

Filibus: Shi ne. Wa ke magana?

Murna: Murna ce, ta biro, ofishin asibitin mishan. Daga gidan waya na Madawa nike kira.

Filibus: Murna! Ina kwana? Ina gajiya?

Murna: Lahiya lau. Ina baƙunta?

Filibus: Baƙunta ta ƙare, wata huɗu fa. Ina su Mama Elizabet? Ina damina?

Murna: Damina ta yi gyara. Mama ta tahi Deule wurin ɗiyarta. Ni ɗaya anka bari cikin biro, ni da injin ɗin da ka bar mani.

Filibus: Yana gaishe ki da sahe dai?

Murna: Ya hi wasu. Shi kullum yana amsawa.

Filibus: Na ji wannan. Alo? Layin na ƙara, ɗaga murya.

Murna: Malam, takardar masu tarin huka ce. Gobe da asuba Takawa, ɗan aiken asibiti, zai hau babur ya kai magani Karofane da ƙauyukan Buza. Wanda sunanshi bai cikin takarda, ba a ɗaura ƙunshinshi. Sunan tsohuwa Dela bai hito ba.

Filibus: Ko ta gama shan nata?

Murna: Saura wata biyu. Ni na rubuta katinta da hannuna. In nata ya ɓace, ban san na mutum nawa sunka ɓace ba.

Filibus: Mi kika yi daban wannan karon?

Murna: Koramar hanyar Buza ta cika, mota ba ta ƙetara ba sati ukku. Shekaranjiya direba ya kawo disket ɗin dispansar, faifan sunayen majinyata na ƙananan asibitocin ƙauye, duka cikin buhu guda. Ka san gurup, injin wutarmu, awa biyu kaɗai yake bada wuta. Sai na zuba su duka cikin dosiye, jakar da ordinatar ke tara su, ban tsaya tsakani ba.

Filibus: Ekran fa, allon injin, bai ce komi ba?

Murna: Ya rubuta da Faransanci wai ma'ajiya ta cika ta zuba. Na danna, rubutun ya tahi, na ce ya huce.

Filibus: Bai huce ba. Saurara. Program ɗin da na rubuta mai gadi ne bakin dosiye. Duk fishiyen da ya shigo, wato takardar sunayen da ke cikin disket, injin na aje ma mai gadin labari cikin 'yar ƙaramar ma'ajiya, kamar ƙwarya ƙarƙashin indararo. Ruwa kaɗan-kaɗan, yana kwashewa. In sunka zo gaba ɗaya, ƙwaryar ta kihe, har wanda ke ciki ya zube.

Murna: Ke nan fishiyen sun ɓace?

Filibus: Suna nan lahiya. Labarin zuwansu ne bai kai ga mai gadi ba. Shi yana zaune, yana zaton ba kowa ya zo.

Murna: Na san irin zaman nan.

Filibus: Mi kika ce?

Murna: Na ce a ba shi babbar ƙwarya mana.

Filibus: Ko masaki kika ba shi, wata damina sai ya cika. Kuma sai na zo da kaina. Magani guda ne: in ya ce ya cika, kar a ƙara yarda da abin da ya riƙe. Ki danna F7, ya bi dosiyen daga farko, fishiye bayan fishiye. Sa'annan ki sake hidda takarda.

Murna: F7. Ba ka taɓa gaya mani ba.

Filibus: Na rubuta bayan littahin waƙoƙin sujada da na bar maki.

Murna: Ban kai bayan ba. Na tsaya shafin da ka sa sunanka.

Filibus: Laihina ne. Ranar da zan tahi akwai abubuwa da yawa da ban hwaɗa ba.

Murna: Minti nawa yake ɗauka?

Filibus: Ashirin, ko da ɗan ɗori. Ƙarhe nawa ake kashe gurup yanzu?

Murna: Sha biyu. Ba a tada shi sai gobe da hantsi, Takawa ya yi nisa.

Filibus: Agogona ya ce sha ɗaya da kwata. Daga gidan waya zuwa biro?

Murna: Kwata guda, in na yi sauri.

Filibus: To akwai sauran minti kaɗan. Murna, tun da kin samu layi… akwai maganar da nike juyawa tun ranar da kika raka ni tasha. Ba ta ordinatar ba ce.

Murna: Doguwa ce?

Filibus: Ban san yadda zan gajarta ta ba.

Murna: Kwana ukku ina zuwa nan kahin layin Yamai ya shiga. Wata huɗu ina son in ji ta.

Filibus: To ki tsaya.

Murna: Injin biga takarda na cije takarda, sai an lallashe shi. In na tsaya, Dela ba ta cikin ƙunshin gobe.

Filibus: Murna…

Murna: Ka aje ta, kar ta zube. F7 ko?

Filibus: F7. Amma yaushe za ki sake…

Murna: In layin Yamai ya bari. Sai an jima, Malam.

Filibus: Alo? Murna? Alo?