An Ba Ni Maganin da Mijina Ya Sha

Salamu alaikum malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Hajo ce daga Tabotaki.

Tun da shanunsa suka mutu maigidana ke shan maganin damuwa. Bara ya faɗo daga amalanke, kansa ya bugi dutse. Da ba mu ga jini ba, muka shafa masa man shanu. Kashegari ya kasa tashi. A asibitin Buza lokotoro ya ce jini ya zuba cikin kansa, wataƙila maganin ya ƙara zubar jinin. Can ya cika.

Yanzu ba ni barci, an rubuta mini irin maganin. Uwar mijina ta ce, "Ɗiyata, jefa shi masai." Malam, na gaji, ga yara. Ku tambayo mini masu sani: in sha ko in bari?