Waƙar Gayya Ta Raba Ƙanena Da Maganinsa

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu. Ni ne Garba, daga Ba'awa.

Ƙanena Sale yana da ciwon da kan tashe shi ya yi ta surutu ba barci, daga baya ya kwantar da shi ko magana ba ya yi. Likita a Kano ya ba shi ƙwayoyi, ya ce kada ya rage. Ya samu sauƙi, sai dai jikinsa ya yi nauyi.

Ranar gayya a gonar surukinsa aka bar shi a baya, makaɗi ya sa shi a waƙa, aka yi ta dariya. Tun ranar ya koma shan rabi, har ya daina. Na yi masa faɗa, ya ce, "Yaya, gara ciwon da a kira ni rago."

Ya fi kowa noma a daminar nan. Da kaka ya buɗe rumbu ya rabar da dawar kaf. Yanzu yana ɗaki yana kallon bango, ko fura ba ya sha.

Jama'a, ku ba ni shawarar yadda zan lallashe shi mu koma Kano. Dattawa sun sa maƙeri ya ƙera mari, kuma ni aka ce in sa masa.