Sunan Lemuel Thayer a Kan Dutse

Mai girma shugaban taro, magajin garinmu, limamin cocinmu, iyayena dattawa, da ku 'yan'uwana da kuka rasa naku a gobarar jirgin ruwa Orinda, ina gaishe ku. Ni ce Keziah, matar marigayi Lemuel Thayer, matuƙin jirgin. Na gode da kuka ba ni dama kafin ku yanke ko sunansa zai hau dutsen tunawa da mamatan.

Na farko, ga hoton nan da ya sa kuke jinkiri, wanda ke rataye a shagon aski da ɗakunan baƙinku. Wuta ja jawur, mata cikin ruwa, ga wani mai hular matuƙi ya saki sitiyari ya dira cikin kwale-kwale. Tun da hoton ya iso garin nan, masu gaishe ni suka koma kallon ƙasa.

Na biyu, na je birni har maɗaba'ar da ta buga hoton. Na ce wa mai zanen, "Malam, kana wurin?" Ya yi dariya ya ce, "Ni? Baiwar Allah, ko gada na hau jiri nake ji." Na ce, "To wa ya ce maka matuƙin ya gudu?" Ya ce, "Hoto ba matsoraci a ciki ai ba ya tafiya a kasuwa."

Kun ji shaidar da kuka riƙe! Mutumin da bai ga kogin ba, bai shaƙi hayaƙin ba, shi kuka bari ya gaya muku abin da ya faru a bakin garinku. Raina ya ɓaci, kuma ba da shi kaɗai ba.

Na uku, jirgi mai cin wuta ba ya kai kansa gaci. Wani ne ya tsaya ya riƙe shi har ya soki yashi. Ni na wanke gawar Lemuel. Tafin hannunsa babu fata, ta tsaya a jikin sitiyari.

Saboda haka duk wanda ya sauka daga jirgin nan da ƙafarsa, ya tashi tsaye. Tashi, Malam Pruitt. Tashi, Hepsy, ke da goyonki.

Shugaba, dubi hoton, sannan ka dubi waɗannan, ka zaɓi wanda za ka gaskata.

Allah Ya ji ƙan mamatanmu, Ya ba mu haƙuri, Ya tsare garin nan daga wuta da ƙazafi. Na gode.