Ram Ɗin Muhtari

"Duk Shinkafi babu wanda ya san cikin kwamfuta kamar ni," in ji wani mai shagon buga takardu da ya taso daga can ya sauka a tashar Kaura Namoda. Yana rungume da kwamfutar tebur cikin buhu, wani dattijo na gefensa suna jiran motar Gusau.

"To, Malam, ina za ka kai ta?"

"Ɗan dubawa ne kawai, Baba."

"Mi ya same ta?"

"Muhtari ne, mai shagon da ke kallon nawa. Ya ƙara wa tasa ram, wato ƙwaƙwalwa. Yanzu hedimastoci duk wurinsa suke kai takardun jarrabawa, wai tasa ba ta sa mutum jira. Mutumin da ni na koya masa kunna ta."

"Sai kai ma ka ƙara."

"Na ƙara mana. Shi mai lamba takwas ya sa, ni na sayo mai goma sha shida. Ta ƙi zama a gurbinta, na ɗan kankare bakinta da reza. Da ta kama, na shiga saitin farko, duk lambar da na gani na ɗaga ta."

"Ta yi gudu?"

"Kuka take yi sau uku, allon ya tsaya baƙi."

"Jarrabawar yaushe ce?"

"Litinin."

"Ai nan Kaura ma akwai mai gyara."

"Abokin Muhtari ne."

Ɗan kamasho ya zo ya ce buhu sai dai a bayan mota tare da albasa. Mai kwamfutar ya biya kuɗin kujera biyu.