Ƙunshin da Kwamfutar Asibiti Ta Buɗe

"Mama, baban can ma allura aka yi masa?" wata yarinya ta tambaya a ɗakin jira na asibiti, tana nuna wani mutum da ke kuka.

Uwar ta toshe mata baki. "Yi haƙuri, malam. Jikin ne?"

Mutumin ya share hawaye. "Matata ce. An ɗage tiyatarta. Wani ya turo wa kwamfutar asibiti saƙo daga waje. Ita kuwa duk ƙunshin saƙon da ya zo buɗewa take, ta bi umarnin ciki. Ta haka hoton ƙirjin matata ya salwanta."

"Ba ta tambayi wa ya aiko ba? Ni ko alewar baƙo ba na barin wannan ta karɓa."

"Ai ke uwa ce, baiwar Allah."

Uwar ta rungume 'yarta.

Ku masu haɗa manhaja, kada ku bar ta tana buɗe ƙunshin baƙo ba bincike. Matar wani ce a kan gadon.