A Tambayi Yaro Kafin a Kore Shi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Alƙali, Allah gafarta Liman. Dagatai da masu unguwanni, malamaina, iyayen yara da kuka taso daga Kiyawa da Buji da ƙauyukan bayan dutse, ina gaishe ku baki ɗaya.

Sunana Muntaka, ina karantarwa a zaurena a Kiyawa. Na gode da aka ba ni dama in yi magana kan dokokin makarantar bokon da za a buɗe a nan Dutse. An karanta mana laifin da ke jawo bulala, an karanta wanda ke jawo kora. Na kasa kunne in ji inda aka ce za a tambayi yaron, ban ji ba.

Dattawan nan sun san ni ma an taɓa kai ni irin wannan makaranta a birni, lokacin da Turawa suka ce kowace ƙasa ta ba da yara. Ni kaɗai ne daga wannan yanki. Yaran birni suna komawa gidajensu ranar Juma'a, ni kuwa in zauna a gindin wata tsamiya har su dawo. Da ba ni da abokin hira, sai na riƙe lissafi, na kuwa iya shi.

Ranar jarrabawa aka zaunar da ni kusa da wani ɗan babban gida. Da aka karɓi alluna, amsata da tasa suka zo iri ɗaya. Malamin ya dubi rigarsa, ya dubi tawa, ya yanke cewa ɗan ƙauye ne ya leƙa. Aka tara makaranta, aka kira ni ɓarawon amsa, aka kore ni, aka haɗa ni da fatake masu zuwa gabas.

Da na iso gida na tarar da Inna Larai, mahaifiyata, tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta ce, "Muntaka, ka yi?"

Na ce, "Ban yi ba, Inna."

Ta ce, "Ka gaya musu?"

Na ce, "Ba a tambaye ni ba."

Ta daɗe tana dubana, sannan ta tashi ta ɗebo mini ruwa.

Jama'a, ita kaɗai ta yarda da ni. Tsofaffin abokaina suka ce na sha ruwan Nasara, suka daina cin tuwo da ni. Masu ganin girman boko suka ce ko can ma sata ta koro ni. Na yi damina bayan damina ina bin awakinmu, ba mai kiran sunana daga safe har yamma. Sai da Modibbo Idirisu, Allah ya jiƙansa, ya kira ni zaurensa, ya ba ni lissafin rabon gado mai wuya, ya zauna yana kallona har na warware. Ya ce, "Wanda ya iya wannan ba ya bukatar allon wani." Ya karɓe ni, na yi karatu a gabansa. Amma Inna ta rasu ana kiran ɗanta ɓarawo.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Da farko, a karanta wa yara dokokin nan da Hausa tun ranar da suka shigo, kada yaro ya fara jin doka a ranar da za a hukunta shi da ita.

Na biyu, wanda ya fi damuna: kada a kori yaro sai an ji ta bakinsa, a gaban wani babba daga garinsu. Alƙali yana nan, ya sani ko wanda aka kama da akuya a hannu ana tambayarsa. Yaya za a hana ɗalibi abin da aka ba wannan?

Na uku, idan amsa biyu suka zo ɗaya, a raba yaran, a sake gwada kowa shi kaɗai. A duba abin da ke kan allo, kada a duba gidan da yaro ya fito.

Kuma yaron da ya zo daga nesa, a sama masa gidan da zai ci abinci cikin mutane.

Ɗana Ɗanladi yana cikin waɗanda aka zaɓa. Jiya ya tambaye ni, "Baba, in aka ce na yi laifi, wa zan gaya wa?" Na ce ya bari sai na dawo daga Dutse. Yana can yana jirana, ina roƙon majalisar nan ta ba ni abin da zan gaya masa.

Allah ya ƙara wa Hakimi adalci, ya ba malamai haƙuri da 'ya'yan mutane, ya tsare yaranmu a inda ba mu gani, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.