Kurɓar Inna Rabin Ƙwarya Ce

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Gandi nake rubutowa, a sakaya sunana.

Bara ƙanen mijin yayata ya zuba mata maganin barci a fura, ya yi mata fyaɗe. Yana kurkuku. Ita ta dawo gida tana ganin likita, amma ta ƙi shan abin da wani ya dama, har ta rame.

Innarmu ta ce za ta riƙa kurɓa kafin ta miƙa mata. To, kurɓar Inna rabin ƙwarya ce. Cikin wata uku Inna ta yi kumatu.

Jiya yayata ta fizge ludayin ta ce, "Inna, mi za ki rage min? Ba ni hurata!" Ta shanye tana dariya, Inna tana hawaye.

Masu sauraro, mu sallami Inna daga aikin, ko mu dakata tukuna?